2009: Kakar da Ƙwallon Waje Ta Ɗaga Pillars, Ta Kuma Kayar da Heartland

A watan Mayun 2009 Kano Pillars ta shiga birnin Alƙahira ba tare da kowa ya ba ta ko sisin kwabo ba. Wadda za ta kara da ita Al Ahly ce, mai riƙe da kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka, wadda ta ɗauke shi a 2005 da 2006 da 2008, ta kuma kai wasan ƙarshe a 2007. Shekara huɗu a jere ke nan ba a yi wasan ƙarshe babu ita ba. Kocinta Manuel José ne, mutumin Fotugal, kuma 'yan wasanta su ne ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci kofin ƙasashen Afirka a 2006 da 2008. Ita kuwa Pillars wannan ne karonta na farko a gasar. An tashi 1-1 a karawar farko a Najeriya, sakamakon da masu sharhi suka ɗauka tamkar an gama magana. A Alƙahira aka tashi 2-2, Victor Namo ya ci wa Pillars duka biyun. Jimilla 3-3, ba wanda ya doke wani, amma Al Ahly ce ta tattara nata ya nata ta bar gasar.

Wanda ba ya bin ƙwallo zai ce ina adalci a nan. Amsar tana cikin wata doka da ake kira dokar ƙwallon waje. A zagayen sili ɗaya ƙwale ƙungiyoyi biyu kan kara sau biyu, gida da waje, a haɗa ƙwallayen. In jimilla ta zo kunnen doki, sai a duba wa ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa. Al Ahly ta ci ɗaya a Najeriya, Pillars ta ci biyu a Masar, shi ke nan. Turawa ne suka ƙirƙiro dokar a shekarun 1960, lokacin da tafiya wata ƙasa buga wasa ke da wuyar gaske, don a rage sake buga wasa na uku, a kuma hana baƙo zuwa ya tare bakin raga tun daga busar farko har ta ƙarshe. Hukumar ƙwallon Turai ta soke ta a 2021, da hujjar cewa yanzu filaye da tafiye-tafiye duk sun zama ɗaya, kuma dokar ta koma tana sa mai gida tsoron kai hari. A Afirka wannan hujja ba ta da ƙarfi sosai. Ƙungiyar da za ta tashi daga Kano zuwa Ndola ko Lubumbashi takan kwana a filayen jiragen sama biyu ko uku, ta sauka cikin wani yanayi daban, ta tarar da filin atisaye da aka zaɓa mata da gangan, ga 'yan kallo da suka cika fili tun hantsi. Ƙwallon da aka ci a irin wannan hali ta cancanci a ba ta nauyi na musamman, a ganina.

Yadda gasar take a lokacin ya bambanta da na yau. An fara ta ne a 1964 da sunan kofin zakarun ƙungiyoyi, Oryx ta Duwala a Kamaru ta fara ɗauka. A 1997 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta sake mata suna da fasali, ta shigo da wasannin rukuni da kyautar kuɗi. A 2009 ƙungiya kan bi zagaye biyu ko uku na gida da waje kafin ta shiga cikin takwas ɗin da ake rabawa rukuni biyu. Sai a 2017 aka faɗaɗa zuwa 16. Ƙofar ta kasance ƙarama ƙwarai, shi ya sa manya ke iya faɗuwa tun da wuri. Waɗanda aka fitar a zagayen ƙarshe kafin rukuni ana tura su ƙaramar gasa ta Confederation, kuma can ma Al Ahly ba ta sha ba, domin Santos ta Angola ta fitar da ita a bugun fanareti. A wannan shekarar ce kamfanin Orange ya karɓi ɗaukar nauyin gasar daga MTN, kyautar zakara ta kai dala miliyan 1.5, ta biyu kuma miliyan 1.

Ba Pillars kaɗai ta yi aika-aika a wannan zagaye ba. Heartland ta Owerri, wadda ta zo ta biyu bayan Pillars a gasar Najeriya ta 2008, ta fitar da Coton Sport ta Garwa, wadda Al Ahly ta doka a wasan ƙarshe watanni kaɗan kafin nan. Ke nan ƙungiyoyin Najeriya biyu sun kori duka waɗanda suka buga wasan ƙarshen 2008, a zagaye guda.

Rukunin Pillars ya haɗa ta da maƙwabtan nan biyu na Omdurman da ba sa ga maciji da juna, Al Hilal da Al Merrikh, sai ZESCO United ta Zambiya. Akwai abin lura a Al Merrikh: gabanta cike yake da 'yan Najeriya. Akwai Stephen Worgu, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2008 da ƙwallo 13 yana Enyimba, akwai Kelechi Osunwa, akwai marigayi Endurance Idahor, Allah ya ji ƙan rai, wanda ya faɗi a fili a shekarar da ta biyo baya. A lokacin ƙungiyar Sudan tana iya sayen gwarzon Najeriya ta biya shi abin da babu ƙungiyar gida da za ta iya biya. Duk da haka Pillars, ƙarƙashin koci Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya, ita ta gama a saman rukuni, Al Hilal na bin ta. A ɗaya rukunin TP Mazembe ta Kwango ta zo ta ɗaya, Heartland ta biyu, aka bar Étoile du Sahel ta Tunisiya da Monomotapa ta Zimbabuwe a baya. Da aka zo wasan kusa da na ƙarshe babu ƙungiyar Masar, babu ta Tunisiya, babu ta Maroko ko Aljeriya, abin da ba kasafai ake gani ba a wannan gasa. A gasar Confederation ma Bayelsa United ta kai wannan mataki.

Sai tsarin gasar ya haɗa 'yan gida da juna. A Owerri Heartland ta lallasa Pillars 4-0, ta sake cin ta 1-0 a karawa ta biyu. Har yau in aka tayar da zancen a majalisar magoya bayan Pillars, masu cewa "Sai Masu Gida", za ka ji an yi ta kawo dalilai, amma biyar da nema ba ta bar wa kowa wurin ɓuya ba. Ƙungiyar da ta tsaya wa Al Ahly a gidanta ta watse cikin minti casa'in a gaban wadda ta san ta ciki da bai. A ɗaya ɓangaren Mazembe ta je Omdurman ta ci 5-2, Al Hilal ta rama 2-0 a Lubumbashi, ramuwar da ba ta isa ba.

Wasan ƙarshe shi ne inda dokar ta juyo ta ciji Najeriya. Ranar 1 ga Nuwamba a filin Dan Anyiam, Heartland ta Kelechi Emeteole ta ci 2-1, amma Trésor Mputu ya riga ya saka wa Mazembe ƙwallo ɗaya a aljihu. Bayan kwana shida a Lubumbashi Heartland ta riƙe wasan babu ci har ya wuce minti saba'in, kofi na hannunta, sai ɗan wasanta Victor Ezuruike ya ci gida. Aka tashi 1-0, jimilla 2-2, Mazembe ta ɗauki kofi da ƙwallon waje. Shi ne na farko da ta ci tun 1967 da 1968. Heartland kuma karo na biyu ke nan tana zuwa bakin rijiya ba ta sha ruwa ba, domin a 1988, tana amsa sunan Iwuanyanwu Nationale, Entente ta Sétif ta doke ta a wasan ƙarshe.

Tazarar da ke tsakanin Mazembe da ƙungiyoyin Najeriya a 2009 ba ta wuce ƙwallo ɗaya ba, ita ma ta kuskure. Abin da ya biyo baya ne ya buɗe tazarar. Mazembe tana hannun Moïse Katumbi, attajiri kuma gwamnan lardin Katanga mai arzikin tagulla a lokacin. Ya riƙe 'yan wasansa da albashin da ya hana su rawar kan zuwa ƙananan ƙungiyoyin Turai, ya sayo wasu daga Zambiya da Zimbabuwe, daga baya Tanzaniya da Ghana da Mali, ya saya wa ƙungiyar jirgin sama nata na kanta, ya gina mata fili a unguwar Kamalondo da aka buɗe a 2012. A 2010 ta sake cin kofin, ta je Abu Dhabi ta doke Internacional ta Brazil 2-0, ta zama ƙungiyar farko daga wajen Turai da Kudancin Amurka da ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya, inda Inter Milan ta ci ta 3-0. Duniya ta san mai tsaron ragarta Robert Kidiaba da rawar da yake yi a zaune. Ta ƙara kofin Afirka na biyar a 2015. Ba cewa nake dogaro da aljihun mutum ɗaya tsari ne mai kyau ba. Da siyasa ta juya wa Katumbi baya har ya yi gudun hijira, ƙungiyar ta ji a jikinta. Amma kuɗin ya bar fili da makarantar horar da yara, abubuwan da ba sa tafiya in mai gida ya tafi.

Pillars da Heartland kuwa duka mallakar gwamnatocin jihohi ne, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya. Shugabancinsu naɗi ne, yakan canza in gwamnati ta canza, kuɗinsu na jiran sa hannun ofis, kwantiragin ɗan wasa kuma sau da yawa na kaka ɗaya ne. Duk wanda ya haska sai ya kama hanya. Ahmed Musa ya zo Pillars a kakar da ta biyo baya, ya ci ƙwallo 18, kafin a ce kwabo yana VVV Venlo a Holan. Ba laifinsa ba ne, kowa ma haka zai yi. Laifin yana ga tsarin da ke sa a sake gina ƙungiya daga tushe kowace shekara, alhali gasar Afirka na buƙatar 'yan wasan da suka san Alƙahira da Kasabalanka, suka sha wuya tare sau biyu ko uku.

Sakamakon a bayyane yake. Pillars ta ci gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, amma ko sau ɗaya ba ta sake taka matakin rukuni a gasar zakaru ba: AC Léopards da AS Vita da Moghreb Tétouan suka riƙa tare ta tun a farkon hanya, a 2019 kuma Asante Kotoko ta Kumasi. Heartland ta faɗa ƙaramin rukuni na gasar Najeriya a 2016, Pillars ta bi sahu a 2022 kafin ta dawo bayan shekara guda. Enyimba ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2011, Sunshine Stars ta Akure a 2012, inda Al Ahly ɗin nan dai ta fitar da ita. Tun daga wasan Lubumbashi babu ƙungiyar Najeriya da ta sake buga wasan ƙarshe, kuma kofuna biyun da Enyimba ta ci a 2003 da 2004 su ne kaɗai ƙasar ke da su a wannan gasa. Kocin da ya ci na 2003, Kadiri Ikhana, shi ne kuma ya ci wa Pillars gasar 2008 da ta ba ta tikitin zuwa Alƙahira. Kafin a fara tafiyar ya riga ya bar ƙungiyar.