Juji Dukiya Ne In An Tsince Shi

Jama'a, tsarin mulkin ƙasar nan na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin kwashe shara. Amma duk wanda ya ga kasuwar Shinkafi bayan ta tashi ran Alhamis, ko jujin bayan gari a Ƙaura Namoda da Zurmi, ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, da yawan abin da ke jujin nan abincin gona ne. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke ɗibar sharar birni a mangala, jakuna su kai gona da rani. Shi ya sa suke noma gona guda kowace shekara ba ta gaji ba. Abin da ya ɓata juji yanzu leda ce. Ba ta ruɓewa, in kuwa akuya ta haɗiye ta sai ta yi ta rama har ta mutu.

Saboda haka kowane maigida ya raba shararsa biyu. Leda da kwalba da batir su tafi ga masu kwashewa. Toka da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa kuwa a zuba su rami mai zurfin ƙafa 3, a riƙa yayyafa ruwa, ana juyawa bayan kowane mako 2. Kamar wata 3 taki ya nuna.

Hukuma kuma ta keɓe wuri biyu a kowace kasuwa, manomi ya ɗebi mai ruɓewa da amalankensa. Kayanta ya ragu, gona ta ƙoshi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.