Ko Ka San Beyar Na Tara Ƙiba Ba Tare da Ciwon Suga Ba?

A dazuzzukan Kanada da arewacin Amurka akwai wata ƙatuwar dabba mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira beyar. Da zarar kaka ta kama, ba ta da aiki sai ci. A gandun dajin Banff na Kanada, beyar ɗaya kan iya cinye ƙananan 'ya'yan itace har 200,000 a rana, tana zage su daga reshe da leɓɓanta. Kafin sanyi ya sauka ta yi ɓul-ɓul. Mutum ya tara kitse haka, yana cikin haɗarin kamuwa da ciwon suga.

Sirrin yana wajen insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi tsoka da kitse. Lokacin cin nan, jikin beyar na amsa kiran insulin sosai. Idan ta shige rami ta kwanta barcin hunturu na watanni, ba ci ba sha, ba fitsari ba kashi, sai jikin ya daina sauraronsa, ya koma ƙona kitsen da ya tara. Da ta farka, komai ya dawo daidai. A 2022, masu bincike a Jami'ar Jihar Washington, waɗanda suka shayar da wasu beyar ruwan zuma ana tsakiyar barcin, sun gano furotin takwas a jini da ake ganin su ke juya wannan al'amari.

To 'ya'yan itacen fa? Launin ja ko shuɗi na yawancin irinsu ya fito ne daga sinadarin antosiyanin, wanda shi ne ke rina zoɓo. A 2010, a cibiyar bincike ta Pennington da ke Luwiziyana, an gwada mutum 32 masu ƙiba. Waɗanda aka riƙa ba su 'ya'yan itacen bulubari sau biyu a rana tsawon mako shida, jikinsu ya ƙara karɓar insulin fiye da na sauran. Wani binciken Jami'ar Habad na 2013 kuma ya danganta cin 'ya'yan itacen ɗungurungum da raguwar haɗarin ciwon suga, shan ruwansu da aka tace kuwa da ƙaruwarsa.

Ke nan 'ya'yan itacen taimako ne, ba magani ba. Mai ciwon suga kada ya ajiye maganin da likita ya ba shi, kuma zoɓon da aka cika wa suga ɓarnarsa ta fi amfaninsa.