Sankarar Hanji: Jinkiri Ke Cin Ran Baƙar Fata

A ƙasar Amurka, ƙididdiga ta nuna baƙar fata sun fi yawancin sauran jinsuna kamuwa da sankarar babban hanji da wajen kashi 20 cikin 100, mutuwa kuwa da wajen kashi 40. Ita ce ta zama ajalin ɗan wasan sinima Chadwick Boseman cikin 2020, yana da shekara 43. Masana sun danganta yawancin wannan bambanci ga talauci da rashin samun awo da wuri. Tun 2021 hukumomin lafiya na can suka ce a fara awon daga shekara 45.

Wannan jinkiri shi ne ke barazana ga talakan Nijeriya. Mutumin Inkil, can bakin garin Bauchi, in ya ga jini cikin bayan gida, yakan ce basir ne, ya koma ga saiwa da sassaƙe. Kafin a kai shi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sau da yawa cuta ta ci jiki.

Likitoci dai sun yi gargaɗi: jini, ko rama ba dalili, ko canjin bayan gida na makonni, a garzaya asibiti. Tsiron da aka gano da wuri yakan ciru, mutum ya warke.