Manoman inabi masu cin gashin kansu a yankin Shamfen

A arewa maso gabashin Faransa akwai yankin Shamfen, mai gonakin inabi kimanin hekta 34,000, inda ake yin giyar nan mai kumfa da ta ɗauki sunansa. Galibin gonakin na iyalai ne, kuma akasarinsu sayar da inabinsu suke yi ga manyan kamfanoni irin su Moët & Chandon. Wasu kuwa da kansu suke matsewa su ɗura. Haruffan RM a jikin kwalba su ne shaidarsu.

Dokar yankin ba sassauci. Da hannu ake tsinkar inabi, kumfar a cikin kwalba take tasowa, kuma sai giyar ta yi aƙalla wata 15 a ajiye kafin ta fita kasuwa.

Ƙasar gonakin ce ta sha wuya. Har zuwa shekarun 1990 ana zuba wa gonakin sharar birnin Paris da sunan taki, shi ya sa har gobe ake tsintar guntayen leda shuɗɗa a gindin inabin. Iyalin Fleury na ƙauyen Courteron sun juya wa magungunan kamfani baya tun 1989. Masu bin sahunsu kan bar ciyawa tsakanin layuka, su yi huɗa maimakon feshi, wasu ma da doki, don kada tarakta ta danne ƙasa.

Aikin ba na rago ba ne. Yankin yana da danshi, cutar fumfuna na kama ganye, kuma makamin masu gudun magungunan kamfani bai wuce farar wuta da sinadarin tagulla ba. A 2021 ƙanƙarar bazara da wannan cuta sun yi wa amfaninsu mummunar ɓarna.