Yadda Ake Zaɓen Masaukin Alfarma a Bakin Teku: Nazari a Kan Tsibirin Zanzibar

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi. A 'yan shekarun nan, 'yan Nijeriya masu hali, musamman ango da amarya, sun ɗauki al'adar zuwa hutu tsibiran Tekun Indiya. Mafi yawansu hoto suke gani a intanet: farin rairayi, shuɗin ruwa da itatuwan kwakwa, sai su biya kuɗin ɗaki nan take. To amma hoto sa'a guda ce kawai ta yini guda yake nunawa. Wannan maƙala za ta ɗauki Zanzibar a matsayin misali, domin nuna cewa kafin a zaɓi otal, sai an zaɓi gaɓa, an zaɓi lokaci, sannan an karanta kalmomin talla da idon basira, wanda shi ne aikin ɗalibin harshe.

Ina Ne Zanzibar?

Zanzibar tarin tsibirai ne a gabashin Afirka. Manya daga cikinsu biyu ne: Unguja, wanda shi ne mutane ke kira Zanzibar, da Pemba, wanda ya shahara da noman kanumfari. A shekarar 1964 ta haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya, amma tana da gwamnatinta ta cikin gida. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9, kuma mafi rinjayensu Musulmi ne masu magana da harshen Suwahili. Tsohon birninta, wanda aka gina da duwatsun murjani, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a shekarar 2000.

Mataki na Farko: Zaɓen Gaɓa

Ruwan teku yana cikowa ya kuma janye sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata yake yi masa. Lokacin wannan cikowa yana jinkirtawa da kimanin minti 50 kullum. Ya fi tsanani a farkon wata da kuma tsakiyarsa, wato wajen daren 14 da 15, don haka wanda ya saba da lissafin watan Hijira zai iya hasashen abin da zai tarar.

Wannan al'amari bai shafi gaɓoɓin Unguja daidai wa daida ba. A gabas, inda garuruwan Paje da Jambiani da Matemwe suke, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne har zuwa inda duwatsun murjani suka tare manyan igiyoyi. Idan ruwa ya janye, yakan yi nisan ɗaruruwan mita, ya bar rairayi da ƙananan kududdufai. Mai son iyo sai ya jira sa'o'i, ko ya koma tafkin wanka na otal. A filin da ruwa ya bari ne matan ƙauyukan suke noman ciyawar teku, sana'ar da ta kafu tun wajen 1989. Akwai kuma wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙalewa a duwatsu, shi ya sa ba a shiga da ƙafa tsirara. Duk da haka, gabas tana da shiru da sarari, kuma a nan ake ganin fitowar rana daga cikin teku.

A arewa kuwa, wato Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangara, ruwa ba ya nisa, ana iya iyo kusan kowane lokaci, kuma ana kallon faɗuwar rana. Illarta ita ce cunkoso: otal-otal a jere, 'yan talla, da kiɗan dare. Saboda haka otal biyu za su iya zama masu tauraro biyar, kuɗinsu ɗaya, amma hutun da za a yi a cikinsu ya sha bamban.

Mataki na Biyu: Zaɓen Lokaci

Iskoki biyu ne ke juya shekarar Zanzibar. Daga Disamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, wadda Suwahilawa ke kira kaskazi. Lokacin zafi ne. Daga wajen Yuni zuwa Satumba sai iskar kudu, wato kusi, mai tafe da sanyi-sanyi da rani. Tsakaninsu akwai damina biyu: babba, mai suna masika, daga Maris zuwa Mayu, da ƙarama, mai suna vuli, wajen Nuwamba. Waɗannan iskoki ne suka riƙa kawo jiragen fatake daga Oman da Indiya shekaru aru-aru.

A watan Afrilu da Mayu kuɗin ɗaki yana faɗuwa sosai, wasu otal-otal ma rufewa suke yi don gyara. Wanda ya ga rangwame mai yawa a wannan lokaci ya tuna cewa araha ba ta ado. A ƙarshen Disamba kuma, saboda hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, farashi kan kai ƙololuwa.

Mataki na Uku: Karanta Kalmomin Talla

Harshen talla ba kasafai yake ƙarya kai tsaye ba. Zaɓen kalma yake yi. Ɗaki "mai kallon teku" daban yake da ɗaki "a bakin teku". Na farko yana iya kasancewa a bayan gini, sai an leƙa ta gefen baranda a hango ruwa. Haka nan "kusa da gaɓa" ba ta faɗi ko minti nawa ba ne, a ƙafa ko a mota. Idan aka ce "keɓaɓɓiyar gaɓa", galibi kujeru da lemomin otal ne suka keɓanta, amma masunta da 'yan talla suna wucewa ta bakin ruwa.

Tsarin abinci ma hawa-hawa ne: kwana da karin kumallo; ko a ƙara da abincin dare; ko abinci sau uku; ko kuma tsarin "komai a ciki". Wannan "komai" ita ce ta fi bukatar tambaya, domin sau da yawa ba ta haɗa da tausa, da yawon jirgin ruwa, da ɗauko baƙo daga filin jirgi ba. Bugu da ƙari, wani kaso na kuɗin wannan tsari na barasa ne. Wanda ba ya sha, ya lissafa ko tsarin karin kumallo da abincin dare ya fi masa riba.

Shi kansa tauraro, babu wata hukuma guda a duniya da ke raba shi. Kowace ƙasa da ma'auninta, wasu shafukan intanet kuma su ke bayar da nasu. Ya fi amfani a karanta ra'ayoyin baƙin da suka sauka a watannin baya-bayan nan, musamman masu ƙorafi, a duba ko abu ɗaya suke ta maimaitawa.

Mataki na Huɗu: Kuɗin da Ba Sa Cikin Hoto

Ɗan Nijeriya yana cikin waɗanda sai sun nemi bizar Tanzaniya tun suna gida, kuma tana ɗaukar lokaci, don haka kuskure ne a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ana bukatar katin rigakafin cutar shawara. Tun ranar 1 ga Oktoba 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, wadda aka fara sayarwa kan dala 44. Akwai kuma harajin kwana da otal ke karɓa a kan kowane mutum. Daga Legas ko Abuja yawanci ana ya da zango a Addis Ababa ko Nairobi, sannan daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi tafiyar fiye da sa'a guda ce a mota.

Ribar Ɗalibin Harshe

Masaukin da ya killace baƙo a bayan katanga ya rage masa rabin tafiya. Bahaushe zai ji kalmomin da kunnensa ya sani, domin Hausa da Suwahili duk sun ara daga Larabci: habari da labari, wakati da lokaci, sabuni da sabulu, karafuu da kanumfari, safari da safara. Yana da kyau a raba kwanakin, a yi ɗaya ko biyu a tsohon birni. A cikin gari ana son suturar mutunci, kuma a watan azumi ba a cin abinci a bainar jama'a da rana.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa tambayar farko ita ce: me nake son yi a bakin tekun? Mai son iyo ya nufi arewa, mai son shiru ya nufi gabas da jadawalin cikowar ruwa a hannunsa. Bayan haka ya duba wata, ya rubuta wa otal tambayoyinsa, ya kuma nemi amsa a rubuce kafin ya biya ko sisi, domin matambayi ba ya ɓata.