Fatsa Ba Za Ta Ƙarar Da Kifin Bas A Kogin Kolorado Ba

Tun da hukumar kula da madatsun ruwa ta Amurka ta fara sakin ruwan sanyi daga ƙasan madatsar Gilen Kanyon da ke kan kogin Kolorado a 2024, ake ta ce-ce-ku-ce. Ruwan da aka bi da shi ta bututun gefe ba ya juya injinan lantarki, wato asarar wuta ce. Dalili kuwa kifi ne, bas mai ƙaramin baki, wanda aka tarar yana hayayyafa a ƙasan madatsar a 2022, bayan fari ya janye Tafkin Fawel, wanda madatsar ta tare, har ruwan sama mai ɗumi ya riƙa bi ta injinan ɗauke da kifin. Idan ya bazu cikin Giran Kanyon, kwazazzabon da kogin ke ratsawa bayan ya wuce madatsar, zai cinye 'ya'yan kifin cab mai doro, wanda sai a 2021 aka sassauta matsayinsa daga cikin masu gab da ƙarewa.

Maganar da ta fi yawo ita ce a bar masu fatsa su kame bas ɗin, a huta da asara. Biri ya yi kama da mutum, domin bas kifi ne mai zafin kai hari. Koton roba ko na katako mai leɓe a gaba, wanda ke nutsewa yana karkaɗawa idan ana naɗe zare, yana bugun duwatsu kamar jatan lande mai gudu, da wuya bas ya gan shi ya ƙyale. Sai dai wane bas ne ke hawa wannan koto? Manya ne. Ƙananan da ba su kai yatsa ba, waɗanda ke fitowa dubbai daga sheƙar da namiji ke gadi, ƙugiya ba ta san da su ba. Masu bincike na Jami'ar Kornel sun shafe shekaru suna kwashe bas daga wani tafki a jihar Niyok, da lantarki ma ba da fatsa ba, sai ƙananan suka ƙaru, saboda an ɗauke musu masu cinye su da masu raba abinci da su. Kamar manomi ne ya rage tsiron gero a rami, wanda ya saura sai ya ƙara ƙarfi.

Ruwan sanyi kuwa ƙwan yake nufa. Bas ba ya zuba ƙwai sai ruwa ya kai kusan digiri 16 a ma'aunin Salsiyos, don haka muddin aka riƙe kogin ƙasa da haka, ba a sami sabon zubi ba. Masu kukan tsadar wuta suna da gaskiyarsu, amma ya kamata su tambayi yadda kifin ya shiga Tafkin Fawel tun farko. Hukumomi ne suka zuba shi a shekarun 1980 domin masu kamun nishaɗi su ji daɗi, alhali asalinsa can gabas ne, yankin manyan tafkunan Amurka da Kanada da kogin Misisifi.