Harafi Ɗaya Kan Ɓatar Da Jadawalin Albashi

Akawun da ya rubuta wa kwamfuta umarni ta buɗe masa jadawalin albashi, in ya kuskure harafi ɗaya a sunan fayil, ba zai ga jadawalinsa ba. Manhajojin lissafi, kamar Excel ta 1985 da LibreOffice Calc ta 2011, sukan ce babu wannan fayil. Manhajar rubutu vi kuwa, farin shafi takan buɗe da sunan.

Ƙin buɗewar kariya ce. Da akawu zai ga jadawali wayam, sai ya zaci aikinsa ya salwanta, ya sake shigar da alƙaluma, a sami fayil biyu masu saɓani. Saboda haka a duba suna da ma'ajiya tukuna. A Linux ma, babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne.